Yadda Ake Gano Cin Lungu da Tsagewa a Ƙarfen Sitenles, da Yadda Ake Hana Su

Duk wanda aka ɗora wa alhakin kula da tanki, ko bututu, ko na'urar musayar zafi da aka ƙera da ƙarfen sitenles, ya kamata ya sani cewa ƙyallin da yake gani a fuskar ƙarfen ba shi ne shaidar lafiyarsa ba. Baƙin ƙarfe na yau da kullum idan ya fara lalacewa yakan sanar da mai shi, domin jar tsatsa tana fitowa fili, kaurinsa kuma yana raguwa sannu a hankali har a iya aunawa a ƙiyasta shekarun da suka rage masa. Sitenles kuwa yakan ci gaba da walƙiya a ko'ina, alhali a wani wuri ƙanƙani da ido ba ya kaiwa ɓarna ta yi nisa, sai dai a wayi gari a ga ruwa yana ɗiga ko kuma sanda ta karye. Ɓarna iri biyu ne suka fi yin wannan aika-aika: cin da ke faruwa a cikin matsattsen lungu, da tsagewar da ke aukuwa idan ja, wato ƙarfin da ke jan ƙarfe yana neman miƙar da shi, da tsatsa suka haɗu a kan ƙarfen. Dukkansu biyu gishiri ne ke rura su, wato sinadarin kulorayid, kuma aikin mai dubawa shi ne ya gano wuraren da kulorayid ke taruwa fiye da yadda takardar gwajin ruwa ta nuna.

Abin da ke kare sitenles wata fata ce siririya ƙwarai, wadda kaurinta bai wuce 'yan nanomita ba, da ke samuwa idan kuromiyam da ke cikin ƙarfen ya haɗu da iskar oksijin. Sai kuromiyam ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin 100 kafin a kira ƙarfe sitenles. Nau'in 304, wanda ya fi kowanne yawa a duniya, yana da kuromiyam kimanin kashi 18 da nikel kimanin kashi 8, shi kuma 316 an ƙara masa molibdinam kashi 2 zuwa 3. Idan aka karce wannan fata, takan sake rufe kanta nan take muddin akwai oksijin a wurin. Saboda haka duk inda oksijin ya yanke, kulorayid kuma ya samu shiga, kariyar ta faɗi.

Inda ake neman cin lungu

A cikin wuri matsattse, kamar tsakanin gaskit (shimfiɗar da ke toshe mahaɗa don kada ruwa ya zuba) da fuskar filanji (faffaɗan bakin bututu da ake ɗaurewa da kusoshi), ruwan da ya shiga ba ya motsi. Ɗan oksijin da ke cikinsa yakan ƙare cikin ƙanƙanin lokaci, sabo kuma ba ya iya kutsawa ya maye gurbinsa. Daga nan ƙarfen da ke cikin lungun sai ya fara narkewa kaɗan-kaɗan, yayin da faffaɗar fuskar da ke waje, wadda take samun iska, ke ɗaukar nauyin ɗaya ɓangaren aikin lantarkin da ke tafiyar da tsatsa. Narkakken ƙarfen yana janyo kulorayid daga waje zuwa ciki, kuma idan ya haɗu da ruwa sai ya haifar da asid. A haka ruwan da ke waje zai kasance mai daɗin sha, amma na cikin lungun ya zama asid mai gishiri da ma'aunin tsaminsa na pH kan iya sauka zuwa 1 ko 2. Da zarar an kai wannan matsayi, ɓarnar tana ciyar da kanta, domin ƙarin narkewa yana kawo ƙarin asid, ƙarin asid kuma yana kawo ƙarin narkewa.

Lungun da ya fi haɗari shi ne wanda ya isa ruwa ya shiga amma bai isa ruwa ya zagaya ba, kuma gwargwadon matsinsa da zurfinsa, gwargwadon sharrinsa. Wannan ne ya sa mai dubawa zai fara da wuraren da abu biyu suka manne da juna: ƙarƙashin wosha da kan kusa, cikin zaren noti, bayan maƙalan da ke riƙe bututu, tsakanin faranti biyu da aka ɗora ɗaya bisa ɗaya aka yi musu ɗigon walda, da gindin waldar da ba ta ratsa kaurin bututu gaba ɗaya ba. Akwai kuma lungunan da ba maƙeri ne ya yi su ba. Laka ko yashi da ya kwanta a gindin tanki lungu ne, ƙananan halittun teku da ke manne wa ƙarfe lungu ne, haka ma takardar manne ko salatif da aka liƙa lokacin gini aka manta ba a ɓare ba. Wannan na ƙarshe yana ba ni takaici matuƙa, domin ba ya buƙatar kuɗi ko ilimi mai zurfi kafin a kauce masa, amma ana yawan samun bututu mai tsada da ya lalace daidai girman takardar da aka bari a jikinsa.

Hanyar dubawa ita ce a kwance abin da za a iya kwancewa. Idan an tsayar da aiki, an sauke matsin da ke ciki, an kuma tabbatar babu sinadari mai cutarwa, a buɗe filanji a ɗaga gaskit, a wanke fuskar da ruwa mai tsabta, sannan a haska ta da tocila daga gefe maimakon daga sama, domin hasken da ya zo a karkace shi ne ke fito da ƙananan ramuka. Abin da za a gani idan cin ya fara shi ne wani zobe ko faci marar ƙyalli da ya bi sawun gaskit ɗin daidai, fuskarsa tana da kaushi idan aka shafa da farce, sau da yawa kuma akwai jan tabo a bakin lungun daga waje inda narkakken ƙarfen ya fito ya gamu da iska. Wannan jan tabon da ke gangarowa daga ƙarƙashin wosha alama ce da bai kamata a goge a wuce ba. A kwance kusar a duba wuyanta, domin a nan ne takan sirance ba tare da an ankara ba.

Maganin cin lungu yana farawa ne tun daga zanen aikin. Inda walda za ta yiwu, a fifita ta a kan haɗin kusa da noti, kuma ta kasance walda baki da baki da ta ratsa kauri duka. Idan dole ne a ɗora faranti bisa faranti, a zagaye gefen da walda a rufe shi ruf, kada a bar kafar da ruwa zai shiga. Gindin tanki ya kasance yana da gangare zuwa mafitar ruwa, ita kuma mafitar ta zama a wuri mafi ƙasa, ta yadda idan an zubar ba za a bar kwantaccen ruwa ba. A guji gaskit mai shan ruwa, a kuma yi hattara da mai garafait a cikin ruwan teku, domin garafait yana ƙara wa ƙarfen da ke manne da shi saurin ci. A cikin bututun da ke ɗaukar ruwa mai laka, gudun ruwa kariya ne, tsayuwarsa kuma ita ce haɗari, saboda haka layin da aka rufe aka bar shi cike na tsawon makonni ya fi wanda ke aiki dare da rana shiga matsala.

Akwai ƙa'idar da masu aikin ruwa suka daɗe suna bi: a ruwan da ba shi da zafi kuma ba shi da tsami, 304 yana jure kulorayid har kimanin miligiram 200 a kowace lita, 316 kuma har kimanin 1,000. Ruwan teku yana ɗauke da kusan miligiram 19,000 a lita, don haka ko 316 bai dace a bar shi nutse a cikinsa ba idan akwai lungu. Sai dai waɗannan alƙaluma suna magana ne a kan ruwan da ke gudana, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Ruwa mai miligiram 50 kacal, idan yana ɗiga a kan bututu mai zafi yana bushewa, wata bayan wata, zai bar ɓawon gishiri da ƙarfinsa ya ninka na asali sau ɗaruruwa.

Tsagewar ja da tsatsa

Wannan ita ce ta fi ban tsoro, domin ƙarfen ba ya rage kauri, ba ya lanƙwasa, ba ya ba da gargaɗi kafin ya rabe. Abubuwa uku ne sai sun haɗu a lokaci guda kafin ta faru: nau'in ƙarfe mai saurin kamuwa, ja a jikin ƙarfen, da muhalli mai kulorayid, galibi tare da zafi. Idan aka cire ɗaya daga cikin ukun tsagewar ba za ta taso ba, kuma duk dabarun rigakafi a kan wannan suka ginu.

Game da nau'in ƙarfe, abin lura shi ne 304 da 316, waɗanda aka fi amfani da su, suna cikin waɗanda suka fi rauni a nan. Binciken da H. R. Copson ya wallafa a 1959, inda ya tafasa wayoyi masu nikel daban-daban a cikin ruwan magnisiyam kulorayid, ya nuna cewa tsagewa ta fi sauri idan nikel yana wajen kashi 8 zuwa 10, wato daidai inda waɗannan nau'o'i biyu suke. Idan nikel ya haura kashi 40 ƙarfen yakan jure sosai, haka ma idan kusan babu nikel, kamar a nau'o'in feritik irin su 430 da 444. Darasin da ke cikin wannan yana da muhimmanci ga mai sayen kaya: sauya 304 da 316 yana taimakawa wajen cin lungu da ƙananan ramukan da kulorayid ke haƙawa a buɗaɗɗiyar fuskar ƙarfe, amma ba ya magance tsagewa. Wanda tankinsa na ruwan zafi ya tsage, ya sake ƙera shi da 316 yana zaton ya huta, zai iya sake ganin abin da ya gani.

Ja kuwa ba lallai ne ya fito daga nauyin da aka ɗora ko matsin da ke cikin bututu ba. Mafi yawan lokuta ja ne da ya maƙale a jikin ƙarfen tun ranar da aka ƙera shi. Walda idan tana hucewa tana tsukewa, ƙarfen da ke kewaye da ita kuma yana hana ta, sai a bar wurin da jan da kan kusanci iyakar abin da ƙarfen ke iya ɗauka kafin ya miƙe. Lanƙwasa bututu ba tare da zafi ba, da buɗa bakin bututu don ya kama faranti a na'urar musayar zafi, da gurzawa mai tsanani da giranda, da tilasta filanji biyu da ba su daidaita ba su haɗu ta hanyar ɗaure kusoshi, duk suna barin irin wannan ja. Shi ya sa tankin da babu matsi ko kaɗan a cikinsa yake iya tsagewa a gefen walda.

Dangane da zafi, ƙa'idar da aka saba da ita ita ce haɗarin yana farawa daga kimanin digiri 60 a ma'aunin Salshiyos zuwa sama. Ƙa'ida ce mai amfani ga ƙarfen da ke nutse cikin ruwa, amma ba a dogara da ita ido rufe. A ranar 9 ga Mayu 1985, silin kankare na wani wurin ninƙaya na cikin gida a garin Uster na ƙasar Suwizalan ya rufto, mutum 12 suka rasu. Sandunan sitenles ne ke rataye da silin, kuma bincike ya nuna tsagewar ja da tsatsa ce ta cinye su, a wurin da zafinsa bai kusanci digiri 60 ba. Tururin ruwan da aka zuba wa kulorin yana hawa sama ya sauka a kan sandunan, ya bushe, ya bar gishiri mai tsami a wurin da babu mai wankewa kuma babu mai gani. Sassan da ke cikin ruwan ko waɗanda ake wankewa kullum ba su ne ke cikin wannan haɗari ba. Tun daga lokacin ne masana suka daina amincewa da 304 da 316 a sassan da ke ɗaukar nauyi a saman irin waɗannan wurare, suka koma ga nau'o'in da ke da molibdinam kusan kashi 6.

A masana'antu, wurin da ya fi kama da wannan shi ne ƙarƙashin rufin tsare zafi da ake naɗe bututu da shi. Ruwan sama ko na wanki yana shiga ta inda murfin waje ya buɗe, ya jiƙa rufin, ya kwaso kulorayid daga cikinsa ko daga iska, ya isa ga ƙarfe mai zafi ya ƙafe. Layukan da zafinsu ke tsakanin digiri 60 da kimanin 150, da waɗanda ake kunnawa ana kashewa, su ne za a fara buɗewa. A duba gindin bututun tsaye, da kewayen bawul, da wajen maƙalai, da duk inda murfin ya lotsa ko ya yi tabo. Kafin a mayar da rufi, a shafa wa ƙarfen fentin da aka yi domin wannan zafi ko a naɗe shi da takardar alminiyam, a kuma nemi rufin da ya cika ƙa'idar ASTM C795, wadda aka tsara domin kayan da za su taɓa irin wannan sitenles.

Ido kaɗai ba kasafai yake ganin wannan tsagewa ba. Maganaɗisu ma ba ya taimakawa, domin 304 da 316 ba sa kama shi yadda gwajin garin ƙarfe ke buƙata. Hanya mafi sauƙi ita ce gwajin jan rini. A wanke wurin da sinadarin cire maiƙo a bar shi ya bushe sarai, a fesa rinin, a ba shi lokaci ya tsuma. Minti 10 kan isa ga tsagewa ta yau da kullum, amma wannan siririya ce kuma cike take da tsatsa, saboda haka gara a bar shi rabin sa'a ko fiye, ba tare da ya bushe ba. Sannan a goge na saman da ƙyalle mai ɗan danshin sinadarin, kada a fesa sinadarin kai tsaye domin zai wanke rinin da ya shiga ciki. A fesa farar hodar da ke tsotso rinin waje a siririn shafi, a tsaya a zuba ido. Cikin 'yan mintoci jajayen layuka za su fara fitowa a kan farin, sirara, suna rarrabuwa kamar saiwar bishiya, sau da yawa suna tasowa daga wani ɗan rami. Wannan rassa da tsagewar ke yi ita ce babbar alamar da ke bambanta ta da tsagewar gajiya, wato wadda maimaita ɗora nauyi da sauke shi ke jawowa, wadda galibi layi ɗaya take bi. A tabbata rinin da hodar masu ƙarancin kulorayid ne, a kuma wanke su bayan an gama. Kada a gurza wurin da giranda kafin gwaji, domin gurzawa tana shafe bakin tsagewar ta rufe shi, rini ya kasa shiga, a ce ƙarfe lafiya lau alhali ba haka ba ne. Ga bututun na'urar musayar zafi da ba a iya kaiwa gare su, ana amfani da gwajin igiyar lantarki mai kewayawa, zurfin tsagewa kuma sai na'urar sauti a hannun ƙwararre.

Idan an tabbatar da ita, kada a yi walda a kanta. Rassan sun yi nisa a cikin kauri fiye da abin da ya bayyana a sama, zafin walda yana buɗa su, sabuwar waldar kuma tana kawo sabon ja a kan ƙarfen da gishiri ya riga ya shiga. Abin da ya dace shi ne a yanke ɓangaren gaba ɗaya, a wuce iyakar tsagewar da tazara mai kyau, a sake gwada bakin da aka yanke da rini kafin a haɗa sabo. Sannan a nemo ta inda kulorayid ya zo, in ba haka ba sabon ma zai bi sawun tsohon.

Zaɓen ƙarfe da kula da walda

Wajen kwatanta juriyar nau'o'i ga ramuka da cin lungu, ana amfani da lissafin da ake kira PREN: a ɗauki kason kuromiyam, a ƙara kason molibdinam da aka ninka sau 3.3, a ƙara kason naitirojin da aka ninka sau 16. Nau'in 304 yana samun kimanin 18 zuwa 20, 316 kimanin 24 zuwa 26, dufuleks 2205 (nau'in da ya haɗa tsarin feritik da na irin su 304) kimanin 35, shi kuma 2507 da masu molibdinam kashi 6 suna haura 40, wanda shi ne abin da aka saba nema domin ruwan teku. Lissafin yana jera ƙarafa ne kawai daga mai rauni zuwa mai ƙarfi, bai ce komai a kan tsagewa ba, kuma lungu yakan fara ci a zafin da ya gaza wanda ramuka ke buƙata a buɗaɗɗiyar fuska. A ganina 2205 shi ne matakin da ya fi dacewa a fara dubawa idan ruwa mai zafi da kulorayid suka haɗu, domin yana jure ɓarnar iri biyu fiye da 316 nesa ba kusa ba, ƙarfinsa kuma ya kusan ninka nasa, abin da ke ba da damar rage kauri. Iyakarsa ita ce ba a barin sa yana aiki sama da kimanin digiri 300, domin yana yin gautsi, kuma waldarsa tana son mai walda da ya san ta.

Ko da an zaɓi ƙarfe nagari, walda marar kyau tana iya ɓata shi. Idan sitenles ya daɗe a zafin da ke tsakanin kimanin digiri 450 da 850, kabon da ke cikinsa yana kama kuromiyam a iyakokin ƙwayoyin ƙarfen, ya bar gefensu babu kariya. Domin kauce wa wannan ne aka yi 304L da 316L, waɗanda kabon ɗinsu bai wuce kashi 0.03 ba, da 321 mai taitaniyam da 347 mai niyobiyam. Launin shuɗi ko ruwan ƙasa da ke fitowa a gefen walda shi ma rauni ne, domin ƙarƙashinsa kuromiyam ya ragu. A cika cikin bututu da iskar agon lokacin walda don kada launin ya fito a inda hannu ba zai kai ba, wanda ya fito a waje kuma a cire shi da man asid na musamman da ake shafawa. Wannan man yana ɗauke da asid na haidurofulorik, mai ratsa fata ya kai ga ƙashi, don haka ba a taɓa shi sai da safar hannu, da kariyar fuska, da maganin gaggawa a kusa. Burushi da faifan giranda da suka taɓa baƙin ƙarfe kada su kusanci sitenles, domin ɓurɓushin da suke bari yana tsatsa ya zama mafarin rami.

Rage jan da walda ta bari ta hanyar gasa ƙarfe yana yiwuwa, amma sai an kai kusan digiri 900 ko fiye kafin ya yi tasiri sosai, abin da ke da wuya ga babban tanki kuma yana iya karkatar da shi. Wata hanyar ita ce a harbi fuskar da ƙananan ƙwallaye masu tsabta, waɗanda ke danne fatar ƙarfen su mayar da ja ya zama matsi, tunda tsagewa ba ta buɗewa a inda ake matse ta.

Saura batun ruwan gwaji da na wanki, inda ake yawan lalata sabon kaya tun kafin ya fara aiki. Idan za a cika tanki ko bututu da ruwa don gwada matsi, a auna kulorayid ɗin ruwan tukuna, kuma ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada ya wuce miligiram 50 a lita. Da an gama a zubar nan da nan, a buɗe duk mafitar da ke ƙasa, a busar da ciki da iska mai tsabta wadda ba ta da zafi sosai, domin busarwa da zafi tana tattara gishirin a wuraren da ruwa ya maƙale. Wajen wanki, asid na haidurokulorik ba shi da gurbi a kan sitenles ko kaɗan. Ruwan bilic kuma, idan tsabtar aikin ta tilasta amfani da shi, a tsarma shi, a taƙaita lokacin da zai zauna, a ɗauraye da ruwa mai yawa, a kuma kwance haɗe-haɗen da ke da gaskit lokaci-lokaci a ɗauraye ƙarƙashinsu, domin ruwan ɗauraya ba ya shiga inda bilic ɗin ya riga ya tsuma.